Jan Fenti a Gonar Haj Barka

Ƙafafuna sun daina hawan dabino, amma har yau ranar da aka miƙo mini bokitin jan fenti a gonar Haj Barka ba ta bar raina ba. Ku da kuka zo Sabha a bayanmu kuna ganin gonar rabi kore, rabi kututture, kuna zaton haka take tun asali. Ba haka na same ta ba.

Daga Damagaram na zo ina saurayi. Da lebura na fara, jan tiyo da kwasar busasshen ganye. Daga nan na koyi hawa, na koyi barbara, wato ɗaura furen namijin dabino a kan na mace idan sanyi ya fara janyewa. Na daɗe kafin a ce ni ne ra'is, babban ma'aikata. Ga wanda bai san tsarin ba: mai gona ne a sama, sai muhandis, injiniyan da kan zo duba rijiya da famfo, sai ra'is, sai masu hawa, sai leburori. Muhandis ya san ruwa, ra'is ya san itace, mai gona ke yanke magana.

Haj Barka mutumin Tubawa ne, gidansu na unguwar Hajara. A shekarun farko, idan ka shiga gonarsa da tsakar rana sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ka. Rumman da albasa a ƙarƙashin dabino, ciyawar dabbobi a gefen magudana. Idan dabino ya nuna, danginsu kan taho daga kudu da raƙuma su sauka a bakin gona. Matan su zauna suna saƙa kwanduna da ganye, mazan su murza igiya da zaren jikin itacen. Mu sauko da zangarniya, su ba mu madarar raƙumi. Ban taɓa ƙoshi irin na wancan lokaci ba.

A hankali abin ya juya. Zafi ya riƙa shigowa tun kafin lokacinsa, gibli, iskar nan mai ƙuna, ta riƙa ƙone fure a kan itace. Raƙuman suka ragu, wata shekara ba su zo ba sam. Aka ce makiyaya ta bushe, masu su sun sayar sun dawo gari suna neman aikin gadi.

Ana tsakiyar zafi a wata shekara famfo ya fara jawo iska da laka. Muhandis ya zo da safe, ya zura igiyar awo, ya jawo, ya sake zurawa. Ya gaya wa Haj Barka cewa ruwan ƙasa ya yi nisa: ga manyan gonaki na zuƙa ba dare ba rana, ga zafi ya sa kowane itace na shan fiye da da, kuma ba wani ruwan sama da zai mayar. Ya ce rijiyar ba za ta ɗauki gonar duka ba. Ko a zaɓi rabi a shayar, ko duka su mutu tare.

Haj Barka ya kira ni. "Isufu, kai ka san su ɗaya bayan ɗaya. Wanda za a yanke wa tiyo, sa masa ja."

Na ɗauki aikin kamar kowane aiki. Masu taushin 'ya'ya, waɗanda kasuwa ke so, na bar su. Tsofaffi da masu ƙaramin amfani na shafa musu ja. Kafin azahar na kai ƙarshen gona ta gabas, inda wasu dogaye guda bakwai suke, sun fi kowa tsufa. 'Ya'yansu ƙanana ne, busassu, ka ciza ka ji kamar tsakuwa. Ko leburori ba sa ɗauka. Na shafa wa shida, na ɗaga buroshi kan ta bakwai, sai na ji murya a bayana, da Hausa tsantsa.

"Ɗana, dakata."

Hajja Zara ce, mahaifiyar Haj Barka. Labari ya kai mata gida, ta sa ɗan nata ya kawo ta a mota. 'Yar siririya ce, tana dogara sanda. Hausarta ta Bilma ce, can ta koye ta tana yarinya a wurin masu ayarin gishiri.

Na gaishe ta, na ce, "Inna, umarni aka ba ni."

"Na sani. Wa ya gaya maka sunanta?"

Na ce ban san tana da suna ba.

Ta dafa itacen. Ta ce mahaifinta ne ya dasa bakwai ɗin nan, kuma a zamaninsa ba wanda ya taɓa ba su ruwa. Mutum ya durƙusa ya tona rairayi da hannu, kafin ya kai gwiwar hannu ya ji laima. Saiwarsu da kanta take sha. Wannan ta bakwai an dasa ta shekarar da aka haifi ita Hajja, sunan Hajja take amsawa. Ta ce busasshen dabinon da nake rainawa shi ne guzurin mutanensu: a daka shi da gero, mutum ya yi wata biyu a sahara bai ruɓe ba. "Mai taushin naku kwana nawa yake yi a buhun fata?"

Haj Barka ya matso, ya yi mata magana da yarensu, a tausashe. Ban ji ba, amma na gane yana cewa idan an bar waɗannan, sai an kashe wasu bakwai masu ciyar da gida. Ta saurare shi har ya gama. Ni ina tsaye, fenti na ɗiga a ƙafata, ina jiran rigima.

Sai ta miƙo hannu. "Ba ni."

Na ba ta buroshin. Ta shafa jan da kanta, layi ɗaya a karkace. Ta ce, "Gaskiyarsa ne. Jikoki ba sa cin tarihi. Amma ba zan bari a ce wani ne ya kashe ta ba."

Wallahi ban san inda zan sa idona ba.

Ta juyo ta ce in duba mata ko akwai ɗiya. Masu hawa sun sani, dabino ba a shuka shi da ƙwallo idan ana son irin uwar, sai dai a cire ɗiyar da ta tsiro a gindi. Kuma tsohuwar dabino ba ta yin ɗiya. Na gaya mata haka. Ta nuna da sanda wani cunkuson ganye a bayan itacen, da na daɗe ina cewa leburori su sare ba su sare ba. Na kutsa ciki, ƙaya na yagar hannuna. Ashe tsohuwar ɗiya ce da aka manta ba a raba ta da uwar ba, ta tsugune a nan, har ita ma ta yi nata biyu.

Na ce, "Inna, akwai biyu. Amma ba a cire ɗiya a wannan zafi. A bari sanyi ya shigo."

Ta ce, "Kai ka yanke wa uwa ruwa yau, ka ce 'ya'ya su jira sanyi?"

Na aika aka kawo atala, dogon ƙarfen nan mai faɗin baki. Na tone gindi, na nemo inda ɗiya ta haɗu da uwa, na sa bakin ƙarfen a wurin, wani ya buga guduma. Sara ɗaya ake so, idan aka yi biyu an ji mata ciwo. Na rage ganye, na ɗaure sauran, na naɗe su da jiƙaƙƙen buhu. Muka dasa su kusa da tankin ruwa, inda yake ɗiga, na yi musu rumfa. Hajja Zara na zaune a kan buhun taki har muka gama, ta ƙi shiga mota.

Ɗaya ta ƙone kafin wata ya cika. Ɗayar ta yi shiru kamar ta mutu, sai bayan sanyi ta fid da sabon ganye. Bakwai ɗin kuwa sun ɗauki shekara biyu suna mutuwa, daga sama zuwa ƙasa. Ban so bi ta gabas a lokacin.

Shekarar da ƙaramar ta fara haihuwa, ni na yi mata barbara, ni na yanko zangarniyar farko na kai wa Hajja gida a unguwar Hajara. Idon Hajja ya riga ya tafi. Ta laluba ta ɗauki ɗaya, ta jefa a baki, ta daɗe tana juya shi. Sai ta yi dariya.

"Ita ce. Amma kun shagwaɓa ta da ruwa, Isufu. Uwarta ta fi ta taurin kai."

Ta sa aka daka sauran da gero, ta ce dole in ci kafin in tafi. Na ci. Allah Ya ji ƙanta, ba ta ga haihuwa ta biyu ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Ruwa zai ci gaba da ja baya, kuma wata rana wani daga cikinku zai zama ra'is, a ce ya zaɓi abin da zai rayu. Ba zai iya ƙi ba, aikin ke nan. Ni na shekara ashirin ina hawan waɗannan itatuwa, na san nauyin kowace zangarniya, ban taɓa tambayar wanda ya dasa su ba, ko don me. Mutanen ƙasar nan sun rayu da ruwa kaɗan tun kafin a kawo famfo, kuma sun fi mu sanin abin da ake saki da abin da ake riƙewa. Kafin ku yanke wa itace tiyo, ku je gidan masu shi ku nemi wanda ya fi kowa tsufa. Ku zauna, ku sha shayi, ku bari ya gama magana.