Baba Ohaj, Idon Wanda Zai Ci

Daga masallacin asuba Baba Ohaj ba ya komawa gida. Yakan biya ta rumfar Inna Sittana mai suyar kifi, ya sha gahawa mai citta a tsaye, sannan ya gangara bakin marsa, ruwan nan namu mai kwanciya wanda duwatsun murjani suka tare daga babban teku. Kayan aikinsa ba su da yawa: teburin katako da gishiri ya cinye wa ƙafafu, wuƙa ɗaya da wasi ya sirantar, bokitin ruwa, da wata tsohuwar garwa mai murfi. Kafin kwalekwalen farko ya taɓo yashi, ya gama wasa wuƙarsa ya zauna yana jira. Haka yake yi shekara arba'in da ɗaya, a ƙauyenmu da ke arewa da tsohon garin Sawakin na bakin teku.

Gyaran kifi ne sana'arsa. In mutum ya sayi kifi sai ya miƙa masa, ya kankare ɓawo, ya farke ciki, ya wanke. Masu wannan aikin suna da yawa a bakin ruwa, kuma duk sun fi shi sauri. Kafin ya gama uku wani ya gama biyar. Dalili kuwa shi Baba Ohaj ba ya farke kifi ya wuce. Sai ya baje hanjin da bakin wuƙa, ya juya hanta, ya ɗaga tsokar cikin ya kara ta da rana, yana ƙanƙance ido kamar mai neman jinjirin wata.

Adarob masunci, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya sha tsaya masa a ka.

"Baba, gyara na kawo shi, ba awon ciki ba! Ko sai ka faɗa mana watan haihuwarsa?"

"Yi haƙuri, ɗan nan," in ji Baba Ohaj, ko ɗagowa ba ya yi. "Wanda zai ci kifin nan ba ya wurin. Ni ne idonsa."

Adarob ɗin ne ya laƙaba masa Likitan Hanji, sunan kuma ya bi shi har yara suka ɗauka.

Tsutsa yake nema. Ya san su kamar yadda makiyayi ya san raƙumansa. Akwai ja, doguwa kamar zare, wadda takan cika jakar ƙwan najil, babban kifin nan mai ɗigo-ɗigo. Ita ce mai tayar wa mata da hankali, amma yakan ce muninta ya fi sharrinta, ƙwan kifin ta zo ci. Akwai kuma fara, 'yar mitsitsiya, mai naɗewa kamar gammo a jikin hanji da hanta. Ita ce yake tsoro. Yakan ce wuta na kashe ta, amma wanda ya haɗiye ta da rai a kifin da bai dahu ba, cikinsa zai ba shi labari.

Ba ya kuma watsa kayan ciki a ruwa kamar sauran. A garwa yake tarawa, da azahar ya ɗauka ya haura bayan tudu ya binne. Tsuntsayen teku ma sun san teburinsa ba wurin samu ba ne. In an tambaye shi wahalar ta mece ce, sai ya ce, "Abin da ka cire ka mayar ruwa, wani kifin zai haɗiye, gobe ya dawo maka a tebur."

To, mu nan muna da wata al'ada da muka gada. Ba ma sayen kifin da aka riga aka buɗe wa ciki. Kakanninmu sun ce kifin da ya zo a farke akwai abin da ake ɓoyewa, rufaffen ciki shi ne shaidar sabon kamu. Saboda haka masunci zai kama kifi da sassafe, ya jefa a gindin kwalekwale, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ci gaba da kamu har rana ta karkata. Baba Ohaj ya yi shekaru yana cewa a riƙa farkewa tun a kan ruwa. Ba wanda ya saurare shi. Wa zai ɗauki shawarar mai kankare ɓawo a kan abin da aka gada?

Shekara uku da suka wuce, cikin tsananin zafi, wani mutum a birni ya sayi kifin marsarmu. Ya barbaɗa masa gishiri na kwana biyu, ya ci ba tare da ya ga wuta ba. Ciwon ciki ya kai shi asibiti. Hoton tsutsa a tsokar kifi ya bi wayoyi da sunan ƙauyenmu a ƙasa. Cikin mako guda motocin 'yan kasuwa suka daina zuwa. Sai ga takarda daga hukuma: za a turo mai bincike, wata Dakta Intisar, in ta tabbatar kifin marsa ya lalace za a rufe ta da kamu.

Wanda bai san mu ba zai ce sai a fita babban teku. Da me? Yawancin mazanmu ƙananan kwalekwale gare su, na filafili, ba sa iya ƙetare duwatsun murjani. Marsa ita ce gonarsu. In an rufe ta, an kife tukunyar gida sittin.

Ana jibi za ta zo, masunta suka taru a rumfar Inna Sittana bayan la'asar. Aka yanke cewa za a zaɓo ƙananan kifi masu tsabta a nuna mata. Saura abu ɗaya, kowa na jin nauyin faɗa. Adarob ne ya gyara murya.

"Baba, jibi ka huta a gida. Za mu ce zazzaɓi ya kama ka."

"Zazzaɓin da ake sa wa rana kamar biki?"

"Baba, ba wasa nake ba. Kai in ka ga tsutsa sai ka ɗaga ta sama kamar ka tsinci zinariya. 'Ya'yana biyar. In aka rufe ruwan nan, hanjin da ka binne za mu tono mu ci?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba Ohaj ya ajiye finjalin gahawarsa.

"Adarob, na san 'ya'yanka, ni na gyara kifin sunan kowannensu. Amma in mun ruɗe ta jibi, wani zai sake kwanciya a asibiti, kuma ranar ba mai bincike za a turo ba, kwaɗon kulle marsa za a turo. Tsutsa akwai ta. Ba zan ce babu ba. Sai dai ba ruwan ne ya lalace ba. Ku ara mini kwalekwale ɗaya da yini ɗaya."

"In kuma ba ta yarda ba fa?" in ji wani daga baya.

"To ku ce Likitan Hanji ne ya kashe ku. Na ɗauka."

An watse ba a sallame shi ba. Kwana biyun nan ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa.

Ranar da Dakta Intisar ta iso, ya roƙe ta ta shiga ruwa da su. Rabonsa da hawa kwalekwale ya fi shekara goma, saboda gwiwa. Adarob ne ya tuƙa, fuska a murtuke. A wuri ɗaya suka tsaya, da ƙugiya iri ɗaya suka yi kamu. Duk kifin da ya hau, ɗaya Baba Ohaj ya farke nan take, ya zuba kayan cikin a garwa, ya ɗauraye. Na biye da shi kuma ya bar shi a rufe ƙarƙashin buhu, yadda muka saba. Dakta ta ɗaura wa kowanne jan zare a wutsiya don kada a ce an sauya. Suka ajiye su a inuwa ɗaya har la'asar.

Da la'asar garin duka yana bakin teburinsa. Ya fara da waɗanda aka farke tun safe. Ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga tsoka ga rana, Dakta na dubawa da gilashinta. Fes. Tsutsotsinsu suna can cikin garwa tare da hanji, ta buɗe ta gani. Sannan ya jawo rufaffun. Na farko ba komai. Na biyu ba komai. Adarob har ya fara sakin fuska. A na uku Baba Ohaj ya tsaya, ya sa tsinin wuƙa, ya zaro farin gammon nan daga cikin tsokar ciki. Na biyar ma haka, da na shida.

"Ruwa ɗaya, ƙugiya ɗaya, safiya ɗaya," in ji shi. "Muddin kifi maigida na da rai, baƙuwarsa tsutsa tana zaune a hanji. In ya mutu muka bar ta a kulle cikin zafi, sai ta nemi hanya ta shiga tsoka. Ba marsa ce ta ci amanarmu ba. Mu ne muke rufe ƙofa da ɓarawo a ciki."

Dakta Intisar ta dube shi. "Baba, a ina ka yi karatu?"

"Nan," ya ce, ya dafa teburin. "Malamaina duk an soye su."

Ba ta yarda da gani ɗaya ba. Ta ƙara kwana biyu tana maimaitawa da hannunta, abin ya riƙa fitowa kusan yadda ya nuna. Ba a rufe marsa ba. An dai gindaya sharaɗi: a farke kifi tun a kan ruwa, a sa shi cikin ƙanƙara, kada a mayar da hanji cikin marsa, a kuma gaya wa mai saye cewa gishirin kwana biyu ba ya maye gurbin wuta.

Saura al'ada, ita kuwa takarda ba ta kashe ta. Washegari kifi ya zo a buɗe, mata suka tsaya nesa suna taɓe baki. Inna Sittana ta kama ƙugu.

"To malam likita, ka buɗe musu ciki. Yanzu da me zan gane na yau da na jiya?"

"Haba Sittana, shekara talatin kina suya ba ki taɓa haɗa ido da kifi ba? Dubi idonsa. In yana sheƙi yana kallonki, na yau ne. Ɗaga kumatunsa, in cikinsu ja ne wur, saya. Ciki yana ƙarya, ido ba ya yi."

Ta ɗaga, ta duba, ta yi tsaki, ta cika kwandonta. Da sauran suka ga mai suyar gari ta saya, suka matso. Motoci ba su dawo a rana ɗaya ba, an ɗauki watanni. Amma sun dawo.

Baba Ohaj, kai ne ka zaɓi a ƙi ka na kwana biyu da a yaudari baƙuwa na yini ɗaya. Kai ne ka tsaya wa mutanen da ba za su taɓa sanin sunanka ba, masu cin kifi a garuruwan da ba ka taɓa takawa ba. An yi maka dariya shekara da shekaru, ba ka rama ba, ba ka kuma ƙara sauri ba. Likitan Hanji, sunan ba'a ne ya zama rawani.

Juma'ar ƙarshen watan jiya, Inna Sittana ta karɓi kifin da ya gyara, tana shirin jefawa a mai sai ta tsaya. Ta dawo da shi a hankali, ta yi ƙasa da murya.

"Ohaj, duba nan."

Ya ɗaga tsokar ga rana. Ya matso da ita har tana taɓa hancinsa. Bai gani ba. Sai da ta kama yatsansa ta ɗora a wurin, sannan ya ji ɗan tudun.

"Tsutsa guda ɗaya ce tak," in ji ta. "Mai zai kashe ta. Ba wanda zai ji."

"Ni na ji," ya ce. "Wanda ya ce shi ne idon mutane, in idon ya gaji sai ya faɗa."

Ya wanke wuƙar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya aika a kira Adarob, wanda ciwon baya ya fara hana shi tuƙi.

"Karɓi. Ga tebur, ga garwa."

"Ni, Baba? Ni da na fi kowa..."

"Kai da ka fi kowa tsayawa a kaina. Shekara ashirin kana surutu kana kallo. Ko ba ka so ba, ka koya."

Adarob ya karɓa da hannu biyu.

Baba, ni da nake juya kifi a kaskon Inna Sittana, ban taɓa iya ce maka komai ba ban da ina kwana. Shi ya sa na rubuta. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka gwiwa, ya bar maka hasken da ya rage. Masu aikin da ba a tafa musu, mai wanki, mai awo, mai ɗinkin taru, ku dubi wannan tsoho: ku yi aikin domin wanda ba ya wurin.

Har yanzu yana zuwa da asuba, ya sha gahawarsa, ya zauna a kan kifaffen bokiti kusa da teburin. Jiya wani saurayi mai gaggawa ya tsaya a kan Adarob yana cewa ya yi sauri, ba awon ciki ya kawo ba. Adarob bai ɗago ba. Ya ɗaga tsokar ya kara da rana.

"Yi haƙuri, ɗan nan," ya ce. "Wanda zai ci ba ya nan."