Muryar da Baba Ya Ɓoye a Cikin Mota

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, ina tsaye a ƙofar gareji riƙe da kofin shayinka, Baba, ka ce mini in ɗan jira, saura waya ɗaya. Ka fito daga ƙarƙashin sitiyari, ka zauna a kan benci, ka dafe ƙirji. Kafin mu isa asibiti Allah Ya karɓi abinSa. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Tun daga ranar ban ƙara sanin inda zan sa kaina a gidan nan ba.

Mahaifin mijina ne kai, amma ban taɓa jin ka ce mini suruka ba. 'Yar littafi kake kirana, domin tun da aka kawo ni kullum da ɗan littafin soyayya a hannuna, har na sha ƙona girki. Kowa ya yi mini faɗa, kai kuwa sai ka tambaye ni, "To, ya aure ta ko har yanzu yana ta surutu?"

Da idona ya fara ciwo bara, likita ya hana ni karatu wata shida. Na koma sauraron littattafan a waya, amma gidanmu cike yake da hayaniya, ga kunyar a ji abin da nake saurare. Kai ka lura. Ka ce akwai ɗakin da babu mai shiga, wato tsohuwar motarka, wadda ta girmi mijina, wadda ko jikokinka ba ka bari su jingina da ita.

Shekara arba'in kana aikin wayarin na motoci, kuma ka rantse ba za a huda dashbod ɗin motar nan ba kana raye. Katakonsa na asali ne, rediyonta ma na asali, duk da ya daina magana tun kafin a haife ni. Ɗanka ya ce a cire shi a sa mai allo. Ka harare shi ka ce, "Kai ma bari in cire maka hanci in sa maka na zamani."

Wata uku ka yi kana aikin. Ka ɓoye sabuwar na'urar sauti a wurin da kai kaɗai ka sani, ka tura sifiku bayan tsohon yadin ƙofofi, ka haɗa komai da makunnin tsohon rediyon. Kowace sabuwar waya sai da ka naɗe ta da baƙin ƙyalle irin na dā, ka cusa ta cikin tsofaffin, don kada ido ya bambance su. Ba ka zana komai a takarda ba. Ka ce takardar tana cikin kanka.

Ranar da ka gama, ka sa na murɗa makunnin. Sai muryarka ta cika motar: "Gwaji, gwaji. 'Yar littafi, kina jina? To madalla, a sha karatu lafiya." Ka ɗauki muryar ne don gwaji, ka kasa goge ta, ta zama ita ke fara fitowa duk sanda aka kunna. Ina ciki ina saurare, kai kana kan benci wai kana wanke fulogi. Fulogi ɗaya ka wanke har babi tara. Ranar da jarumin ya saki matarsa ka jefar da tsumma ka ce, "Wannan yaron ba shi da tarbiyya."

Wata 'yar ƙara ce ta dame ka a sifikar hagu, wadda ni ko jinta ba na yi. Ita ka kwance wayoyi za ka gyara a safiyar da ka rasu. Yanzu na murɗa makunnin ya fi sau ɗari, shiru.

Mijina ya kawo masu wayarin har uku. Kowanne ya leƙa da tocila, ya ga baƙaƙen wayoyi iri ɗaya, ya girgiza kai. Na ƙarshensu, wanda a hannunka ya koyi aiki, ya ce, "Maigida ya ɓoye na'urar har gare mu. Tana bayan katakon nan, kuma ya manne shi ta ciki. In ba a yanka ba, ba za a kai gare ta ba."

Baba, ba mu da muryarka a ko'ina. Ba ka son a ɗauke ka a waya, ko saƙon murya ba ka taɓa turawa ba. Waɗannan 'yan kalmomi su ne kawai suka rage, kuma suna bayan katakon da ka hana a taɓa. Mama, matarka, sau biyu ina samunta a kujerar gaba, hannunta a kan makunnin. Jiya ta ce mini, "Ko sau ɗaya ne, 'yata." Mijina ya ce ba zai iya ba da umarnin ba, tunda domina ka yi aikin, ni zan faɗa. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wuri ake tsintar wasiƙa a cikin aljihu. Na duba aljihunan rigunanka duka. Ƙusoshi ne da guntun waya.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya saka maka da Aljanna saboda tausayin da ka nuna wa 'yar mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da mijina da 'yan'uwansa, da duk waɗanda suka koyi sana'a a hannunka. Allah Ya ba mu haƙurin da ni har yanzu ban samu ba.

Ka yafe mini. Na ce wa almajirin aikinka ya zo ranar Asabar da zarto.