Madam Lydia Shekari: Kin Tafi Ban Ba Ki Amsa Ba

Daga Allah muke, kuma babu wanda zai ƙi komawa gare Shi. Ranar Talata, 8 ga Yuli, 2003, ina tsakiyar darasi a makarantarmu ta Makera, wata abokiyar aiki, Malama Judith, ta tsaya a ƙofar ajina. Ita ta gaya mini cewa Madam Lydia Shekari, shugabar firamaren Ungwan Bije da ke bayan Kakau, ta rasu da safiyar ranar bayan jinyar kwana shida. Saura kwana goma sha bakwai ta yi ritaya.

Madam, kin tafi ban ba ki amsa ba. Wata huɗu kina tambayata ko zan karɓi makarantarki bayanki, ni kuwa ina ta zille-zille. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ni Kulu Abdulmumini, da kike cewa bakina ya fi ƙafata sauri.

A Yulin 1999 na san ki, shekarar da sojoji suka koma bariki. Ofishin ilimi ya turo ni ƙauyenku, na zo ranar rufe makaranta da niyyar nuna takarda in juya gida. Kika dubi takalmina da taɓo ya gama da shi, kika ce in tsaya a gindin mangwaro, za a miƙa mini yara. Ban gane ba sai da na gani. A makarantarki ba a raba katin sakamako sai kowane malami ya kamo hannun kowane ɗalibinsa, ya kai shi gaban malamin da zai karɓe shi baɗi, ya faɗi sunansa da abu ɗaya da ba ya cikin kati. Wance ba ta ji da kunnen hagu, kada a ce taurin kai ne. Wane sai ya kai wa kakarsa ruwa kafin ya zo, kada a doke shi kan latti. Malamin da aka yi wa canjin wuri ba ya samun sa hannunki a takardar sallama sai ya yi wannan. Ranar yara talatin da takwas aka damƙa mini, hannuna har ya yi gumi. A raina na ce wannan mata ta cika ƙa'ida.

Da aiki ya kankama na gane mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba na mantawa da yadda kika share mini kusurwa a ofishinki don in riƙa sallar azahar, kika hana kowa shiga sai na idar. Kuma duk ajin da ya rasa malami, ke kike ɗaukar alli ki shiga, ba kya jiran ofis.

Sai abin da ya faru a Kaduna a Fabrairun 2000 ya faru. Ba zan tona shi a nan ba, kowa ya san abin da ya rasa. Na daina zuwa aiki. Da jerin canjin wurin aiki ya fito a ƙarshen shekarar karatu, aka mayar da kowa kusa da mutanensa: ni aka kawo ni Makera, Judith kuma, wadda ta baro gidanta a ƙetaren kogi ta koma Trikania, aka tura ta ajina. Na aika miki da takardar sallama. Ta dawo mini fara fat, da saƙon baki: “A gaya wa Kulu ta zo ta miƙa yara.”

Wallahi na ji haushinki. Na ce wannan wace irin mata ce, gari yana wannan hali ita tana zancen kama hannu? Amma tsoro na daji, kunya na gida, haka na shirya na fito. Na same ki a bakin titin Gonin Gora da tsohuwar lemarki, kina jirana tun ƙarfe bakwai. Muka hau mota tare zuwa Kakau, muka taka sauran hanyar, kina riƙe da tsintsiyar hannuna muna ratsa ƙauyen, kina gaida kowa da sunansa kamar babu abin da ya faru. Na miƙa wa Judith yaran ɗaya bayan ɗaya. A kan na goma kuka ya ƙwace mini, ita ma ta kasa ɗago kai. Kika bar mu muka yi kukanmu, sannan kika ce mu ci gaba, rana tana yi.

A Maris ɗin bana kika zo har gidana kika ce kin kai sunana ofis, ni kike so in gaje ki. Kika ƙara da cewa jerin canjin bana zai ɗauke malamin aji biyu ba tare da an turo madadinsa ba, don haka sabuwar shugaba ce za ta karɓi yaran aji ɗaya da kike koyarwa da kanki, su arba'in da huɗu. Na ce iyayen yara ba za su yarda da Musulma a kujerarki ba.

“Ban tambaye ki ko za su yarda ba,” kika ce. “Ke nake tambaya.”

Na ce sai na yi shawara. Kin dawo a Afrilu, na ce maigida bai ce komai ba tukuna, alhali tuni ya bar mini zaɓi. Kin aiko a Mayu, na ce hanya ta yi nisa. Takardar ofis ta iso a Yuni, an ba ni zuwa ranar rufe makaranta in sa hannu ko in mayar. Gaskiyar da ban gaya miki ba ita ce tsoro nake ji, kuma tun bayan abin da ya faru ban shiga ƙauyen nan ba sai hannuna a cikin naki. Na ɗauka akwai sauran lokaci. Wannan nadamar da ita zan zauna.

Ranar Juma'a 25 ga Yuli na tafi bikin rufe makarantar, takardar tana jakata babu sa hannu. Ni kaɗai na taka daga Kakau. Na gaya wa kaina gaisuwa kawai zan yi wa malamai. Aka miƙa aji biyar zuwa shida, aka gangaro har aji biyu zuwa uku. Da aka zo kan aji ɗaya, sai aka tsaya. Babu mai miƙawa, babu mai karɓa. Judith ta ce a raba musu kati kawai su tafi.

Ashe iyaye mata suna tsaye a bayan aji. Lokacin noma ne, wasu da fartanya a kafaɗa suka zo. Wata dattijuwa ta ratso, ta kamo hannun jikarta, ta wuce malamai duka ta tsaya a gabana.

“Madam ta ce ke ce,” in ji ta. “Wannan Mary. In aka yi mata tsawa ba ta ƙara magana ranar.”

Ta tsaya tana jira, hannun yarinyar a miƙe. Na duba bayanta, sai na ga sauran matan sun riga sun yi layi, kowace da nata. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Sai da na karɓi arba'in da huɗu cif, sannan na shiga ofishinki na sa hannu a kan teburinki. Na karɓa, Madam. Na makara da kwana goma sha bakwai, amma na karɓa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Baba Shekari, da 'yarki Christy da ƙannenta, da 'yan majami'arku, da malamai da iyayen yaran Ungwan Bije. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsare bayanta. Ke kuma, Allah Mai rahama ne, Ya san shekara talatin da biyar da kika yi kina riƙon 'ya'yan mutane da amana. Ya dube ki da idon rahama, Ya ba ki hutawa. Ni kuwa Ya cire mini tsoro, Ya ba ni ikon kai yaran nan Yulin baɗi lafiya, in miƙa su da hannuna. Amin.