Sitiyarin Dama

A shekarar 2012 aikina a Dubai guda ɗaya ne: juya sitiyari. Motocin Japan suna zuwa da sitiyari a dama, Najeriya kuwa ba ta barin su shiga a haka, don haka a wani gareji da ke Al Khabaisi muke farke gaban mota mu mayar da komai hagu. Na yi wa motoci ba adadi, ban taɓa jin komai a raina ba.

Ran nan wani Alhaji ɗan Kano, mai sarin atamfa da turare a Deira, ya sa aka jawo wata farar mota 'yar ƙasa-ƙasa mai kujera biyu. Ina hango jajayen kujerunta na gane ta. Na san ta a mujallun mota da nake tarawa a ɗakinmu na unguwar Satwa. A farkon shekarun casa'in Japanawa suka ɗauki motarsu ta gudu, mai jikin alminiyam, suka yi mata tsirara: suka cire iyakwandishan, da rediyo, da tayar ajiya, da soson da ke tare ƙara, duk don ta rage nauyi a filin tsere. Kaɗan suka ƙera, a ƙasarsu kaɗai suka sayar, shi ya sa babu ko ɗaya mai sitiyarin hagu.

Na ja Alhaji gefe. "Ranka ya daɗe, wannan ba a yanka ta. Akwai masu neman ta ruwa a jallo. Ka sayar a nan, ka sayi wata."

Ya yi dariya. "Injiniya ke nan! Yarona ya gama digiri, ita ya nuna a gwanjo, na yi masa alkawari. Kwantena za ta tashi ran Laraba. Ka sa mata sanyi da kiɗa ma, Kano ba wasa."

Wato duk abin da mutanen nan suka yi gumi suka cire, ni ɗan Kafanchan zan mayar. Na yi bayani har bakina ya bushe. Alhaji mutumin kirki ne, ya saurare ni tsaf, har ruwa ya miƙo mini. Da na gama ya ce, "To ai shi ya sa na kawo wa gwani."

Na je wurin mai garejin, Balaraben da bizata ke hannunsa, na ce a ba wani. Ko ɗago kai bai yi ba. "Habibi, wa ya iya alminiyam in ba kai ba? Yalla, je ka yi kawai, khalas." Na tsaya ina huci kamar tukunyar wake. Amma 'ya'yana uku a makaranta, kuma mai bizar ya gama magana.

Kwana huɗu na yi a kanta. Tunda dai sai an yanka, na rantse ba zan bar mata tabo ba. Na auna sau goma, na huda, na ja wayoyi, na cusa mata iyakwandishan da manyan sifikoki. Ko abinci ban iya ci sosai ba don takaici.

Alhaji ya zo ranar Talata, ya zagaya ta, ya shiga ya riƙe sitiyarin, ya shafa gefen daman da na liƙe.

"Wallahi Injiniya, kamar a haka aka ƙera ta. Ba wanda zai taɓa sanin yadda take a da."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe."