Lambar Kaka da Tafiyar Maraɗi

Kakata ta wajen uwa ba ta iya ce wa baƙo a'a. In ya ba ta abin da ba ta so, takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, sai ya juya baya ta san yadda za ta yi da shi. Haka ta yi wa masu lambar rigakafi.

A lokacin ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, ita kuwa tana Kurfi. Shekarar ce aka yi gangamin kawar da cutar agana. Abin da muka ji a rediyo shi ne masu taimako daga waje sun ba da magani da motoci, ƙasashen Afirka maƙwabta kuma suka yarda kowace ta yi wa jama'arta lamba a lokaci guda, don kada wanda ya zille a nan ya kai cutar can. Na je na yi mata wannan bayani dalla-dalla. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Ranar da ma'aikatan suka sauka a Kurfi, ita ce ta farko a layin mata. A cikinsu akwai wani mutumin Gana mai Hausar zango. Da ta ji inda ya fito sai tausayi ya kama ta, ta ce bawan Allah ya baro iyalinsa ya zo har nan saboda damtsenta, ai abin kunya ne a ƙi shi. Ta miƙa hannu, ya ɗiga maganin, ya tsattsaga da allura. Ta sa masa albarka, ta aika musu da ƙwaryar fura. Tana shiga gida ta yanka lemon tsami ta dirje wurin, ta bi da toka. Yawancin tsofaffin unguwar haka suka yi, wai lamba tana kumbura hannu, ga gero yana jiran sussuka. Wurin ya warke sumul, babu ko tabo.

Bayan wata biyu saƙo ya zo daga Maraɗi cewa autar Kaka ta haihu. Haihuwar fari ce bayan shekaru ana jira, kuma laulayi ya hana ta zuwa gida. Saƙon ya iso saura kwana biyu suna. Kaka ta ce ko a kan jaki ne sai ta ga taron sunan nan, ni kuma aka ɗora mini rakiya. Na faɗa mata a kan iyaka ana duba tabon lamba.

"Angona, ni da aka yi wa lamba a bainar jama'a? Kowa shaida ne."

"Amarya, tabo za su duba, ba shaidu ba."

Ta ce in ɗauki ƙunshin daddawa in daina tsorata ta.

Muka kwana a Katsina, da safiyar ranar suna muka shiga babbar mota ta Jibiya. Muna tsallakawa ɓangaren Nijar aka tsayar da mu, jandarma ya ce kowa ya sauko ya nuna damtse. A ƙarƙashin wata rumfa akwai ma'aikacin lafiya, dattijo mai Hausa irin tamu. Ya dubi hannun Kaka, ya juya shi, ya sake dubawa.

"Inna, lemon tsami ko toka?"

Ta gyara mayafi. "Duka biyun, ɗana."

Ya ce tasu innar da sabulun salo ta wanke tata. Ya ware Kaka gefe tare da wasu mutum biyar don a sake yi musu lamba. Shi ba allura yake amfani da ita ba, wata na'ura ce da ake takawa da ƙafa, ta harba maganin cikin fata, ba abin da za a goge. Sai dai an kwance ta ana wankewa, dole a jira. Direba ya jira iya haƙurinsa, fasinjoji suka fara gunaguni, ya sauke mana kayanmu ya wuce.

Da aka ɗaura na'urar, Kaka ta miƙa hannu, ta yi godiya kamar yadda ta saba. Wata motar ba ta zo ba sai bayan azahar. A zaman nan ban tsokane ta ba, domin na ga tana ta duban rana.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. An raɗa suna tun da safe, an soye rago, mata sun fara watsewa. Autar ta fashe da kuka da ta gan ta. Kaka ta karɓi jaririyar ta daɗe tana kallonta.

Surukai suka tambayi abin da ya tsayar da mu. Ta ce mota ce ta ba mu wahala a hanya. Ina tsaye a wurin, ban ƙaryata ta ba.

Kafin in komo bakin aiki hannun ya kumbura. Na baro ta a gindin tukunyar wankan jego, tana tsoma ganye da hannun hagu tana yi wa 'yarta faɗa ta tsaya sosai.