Hayaƙin Ɗanyen Itace

Ubana mai faskare ne. Tun ban kai tsayin ƙotar gatari ba nake tsugunawa kusa da shi ina tara ɓarɓashi, kuma kafin in haddace Fatiha na san itacen da zai ci wuta da wanda zai cika wa mai girki ido da hawaye. Na fara da wannan ne don a san ɗan wa aka yi wa abin da aka yi.

A Doha direba nake a gidan wani Balarabe a Mu'aither. Shi ne kafil ɗina, wato mutumin da zamana a ƙasar yake hannunsa. Fasfona yana wurinsa, kuma ba na iya hawa jirgi sai ya sa hannu a takardar fita. Baba nake ce masa, kamar yadda direbobi ke ce wa iyayen gidansu a can. Na baro matata da ciki wata biyar. Yarinyar da ta haifa ta yi zama, ta yi rarrafe, ta miƙe, har ta fara surutu, ban taɓa ɗaukarta ba. Da na shiga shekara ta uku na dami maigida da maganar hutu, har ranar da ya gaji ya ce, "Khalas, shi ke nan. Bari mu je dutse mu dawo, ka tafi wata biyu." A ranar na sayi katin waya na faɗa wa matata.

Dutsen da yake nufi yana can kudancin Saudiyya. Idan zafi ya tashi a Doha, har sitiyari ba ya taɓuwa, masu hali sukan kwashi iyali su gudu inda akwai sanyi. Kwana biyu muka yi a hanya da mota biyu. Ni na ɗauko maigida da matarsa da yara, ɗaya motar kuma ƙanin matarsa ne ke ja. Wannan ƙanin shi ne masifar tafiyar. Mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba. Ya fi makanike sanin mota, ya fi likita sanin magani, ya fi ni sanin ƙasarmu da bai taɓa takawa ba.

Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Gandun daji ne na gwamnati a saman duwatsu, an share filaye a ƙarƙashin bishiyoyi inda ake kafa tanti, kowanne da murhunsa na dutse. Bishiyoyin ba irin namu ba ne, ganyensu ƙanana, jikinsu a murɗe, ga ƙamshi. Gajimare yana saukowa har ya shafi fuskarka. Birai suna zaune a kan duwatsu suna lura da wanda zai yi sakaci da burodi. Kusan shekara uku rabona da in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da na sauko daga mota sai da na tsaya na shaƙa, idona ya ciko.

A ƙofar shiga akwai babban allo. Na yi makarantar allo, na yi Islamiyya, Larabcin bai gagare ni ba. An hana sare itace. Ga wanda bai iya karatu ba ma an zana gatari an gicciye shi da ja.

Mun zo da itacenmu tun daga gida, busasshe mai kyau, na ɗaure shi a saman mota na lulluɓe da tamfol. A rana ta biyu ƙanin ya kwance tamfol ɗin ya rufe motarsa, wai kada birai su karce masa fenti. Bayan azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya doki itacen nan son ransa. Da aka ɗauke, maigida ya ce a hura wuta, yana son gahawa da nama a kan garwashi. Akwai tukunyar gas, amma su idan suka fito daji gas ba wuta ba ce.

Ƙanin ya taɓa itacen ya yamutsa fuska. Ya nuna wata bishiya a bayan tanti, kaurinta bai wuce cinyata ba, ya ce, "Yalla, maza sare wannan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗanye ne, ba zai ci ba. Namu bayansa kawai ya jiƙe. Bari in faskara shi, cikinsa a bushe yake."

Ya yi dariya ya ce itacen nan mai ne a jikinsa, yana kamawa kamar fetur, ƙamshinsa kuma yana shiga nama.

Na juya wurin maigida na ce, "Baba, an rubuta a ƙofa an hana."

Yana kwance a kan darduma ya tokare da matashi. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Yi abin da ya ce. Kana da yawan magana a kwanakin nan."

A kwanakin nan. Na gane abin da yake tuna mini. Na ɗauki gatari.

Sara takwas na yi ta faɗi. Hannu ba ya manta abin da ya koya, ko da mai shi ba ya so. Ruwan jikinta ya manne mini a tafi. Na daddatsa, na jera a murhu, ƙanin ya kwarara kananzir ya ƙyasta ashana. Wuta ta yi sama ta lashe kananzir ɗin ta mutu, hayaƙi ya tashi. Hayaƙi fari, mai kauri, ya cika tantin mata, yara suna tari, ƙanin ya durƙusa yana fifita da kwali, hawaye na zuba masa har gemu. Wallahi da ba don abin da ya biyo baya ba, da wannan ne abin da na fi jin daɗin gani a duk zamana a ƙasar Larabawa.

Hayaƙin bai tsaya a kanmu ba. Ya miƙe ya wuce kan bishiyoyi, inda duk wanda ke kan dutsen zai hango. Ba a daɗe ba motar masu gadin daji ta tsaya. Su biyu ne. Babbansu dattijo ne siriri, fuskarsa duk rana ta ƙona. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya zagaya bayan tanti, ya tsuguna gaban kututturen, ya shafa shi da hannu, ya ce wannan bishiya ta girmi duk wanda ke tsaye a wurin.

Kafin ya miƙe maigida ya riga ya tashi ya gyara rawani. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ya ɗan'uwa. Direban ne. Miskini ne, daga daji ya fito, a ƙasarsu haka suke yi, duk itacen da suka gani sara suke. Muna cikin tanti ba mu sani ba."

Na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Ƙaryar ta yi mini zafi, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne irin ƙaryar. A ƙasarmu haka muke yi? A garinmu ko amaryar da ba ta iya komai ba ba za ta tura ɗanyen itace a murhu ba. Su ne ba su san itace ba, sun taso a yashi, sai wanda aka ɗauro musu a kasuwa. Suka ɗauki jahilcinsu suka rataya a wuyana da wuyan duk mutanen garinmu.

Dattijon ba yaro ba ne. Ya dubi bakin saran, ya dubi tulin jiƙaƙƙen itacenmu, ya dubi ƙanin da jajayen idanunsa da kwali a hannu. Sannan ya matso kusa da ni ya yi magana a hankali yadda zan gane.

"Wanda ya yi wannan sara ya san gatari. Wanda ya san gatari ya san ɗanye. Wa ya sa ka?"

Ya buɗe mini ƙofa, na sani. Ina jin numfashin maigida a bayana. Maganar tana bakina, gajeriya ce, yatsa ɗaya ma ya isa. Amma na tuna wa ke riƙe da biron da zai sa hannu a takardar fita.

Na ce, "Ni ne. Ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona. Ba tausayi na gani a idonsa ba, takaici ne. Ya rubuta takarda cewa ni na sare bisa rashin sani, ya miƙo na sa hannu, ya ce mu naɗe tantinmu mu bar gandun kafin magariba. Ni na cire turaku, ni na naɗe, ni na loda. Itacenmu da ba a bari na faskara ba na mayar da shi saman mota.

A hanyar dawowa na lallashi zuciyata. Na ce na tare wa mutumin nan kunya a gaban hukuma, ko bai gode da baki ba ya san abin da na yi masa.

Ashe ban san mutane ba. Mun yi kamar mako guda da dawowa, ina shigar da tiren shayi majalisarsa, na tarar yana ba abokansa labari. Wai sun kwanta hutawa, direba ya ɗauki gatari ya shiga daji. Ƙanin yana gefe yana ƙara gishiri, wai har ya fito ya hana ni amma aikin gama ya gama. Ana ta dariya, wani yana nuna ni da carbi. Na kalli fuskar maigida ko zan ga alamar mai ƙarya, ban gani ba. Ya faɗa sau da yawa har ya yarda da abinsa.

Washegari da safe na tare shi yana shirin fita. Na ce, "Baba, maganar tafiyata."

Ya ce, "Wace tafiya? Bayan abin da ka ja mini? An kore ni daga wuri a gaban matata da 'ya'yana. Ka zauna ka koyi hankali, baɗi mu gani."

Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Kana kwance a wurin. Na faɗa maka an hana."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "To wa ya sa hannu a takardar?"

Ya buɗe ƙofar baya ya shiga ya zauna, yana jira in tuƙa shi. Na tuƙa shi.

Sai ranar Juma'a na iya kiran gida, daga wani shagon waya a unguwar Mansura. Matata ta ɗauka da murna, tana tambaya ranar da za a turo ƙanena filin jirgi. Na faɗa mata babu tafiya sai baɗi. Ta ce, "Laifin me ka yi?"

Na ce, "Itace na sara."

Ba ta nemi bayani ba, ni ma ba ni da shi. Can ta ce, "To kai za ka faɗa wa 'yarka. Tun da na ce kana zuwa, kullum da safe sai ta sa takalmi ta zauna a zaure."

Na ji tana kiran yarinyar, na ji takun ƙananan ƙafafu suna tahowa a guje. Na kashe wayar.