Fim ɗin da Ya Zaunar da Kawu

Kawuna mawaƙin 'yan kokawa ne. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya cinye masa hannu da ƙafar hagu, ya raba shi da kalangu, amma bai taɓa muryarsa ba. Ko bayan ciwon, da kaka ta yi ɗan kabu-kabu ke zuwa da babur a ɗora shi, a kai shi filin kokawa a Amarawa ko Garu, wani lokaci har a tsallaka iyaka zuwa Kwanni. A zaunar da shi a kujera, yaransa na kiɗa, shi yana zuga. Wannan fitar ce ke riƙe da ransa.

Sai ga masu fim daga birni, kwalaben ruwa a hannu kamar an ce musu Illela ba rijiya. Shugabansu, wani mai gemun gayu, ya ce sun zo ne su ba masu buƙata ta musamman murya. Mutumin da in ya buɗe baki ana jin sa daga bakin kasuwa, shi za a ba murya! Ni na yi musu jagora, don ni ke kwana kusa da ɗakinsa.

Kawu ya sha wanka, ya sa babbar rigarsa ta shadda, ya tara yaransa da kalangai. Mai gemu ya dube shi ya yatsina fuska, ya ce rigar ta yi ƙyalli, na'urar ɗaukar hoto ba ta so. Aka cire, aka bar shi da 'yar shara. Kujerarsa ma ta yi kyau da yawa, aka shimfiɗa tabarma. Suka tare wata Bafulatana mai tallan nono suka zaunar da ita a bayansa, wai don a ga kowace ƙabila. Baiwar Allah ba ta ma san shi ba, hankalinta na kan ƙwaryarta.

Suka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Suka sake, ya ce alhamdu lillahi. Kowa a garin nan ya san ko mutum na gargara abin da zai ce ke nan, amma mai gemu ya matsa, wai ya faɗi irin azabar da yake sha.

Kawu ya ce, "Yaro, mi kaka son in ce? Ni ba ni kai ƙarar Ubangijina ga mutane. Ku bari in yi muku waƙa."

Suka bari. Ya yi ta har maƙwabta suka cika ƙofar gida, mai riƙe da na'urar kuwa yana latsa wayarsa.

Da fim ɗin ya fito, a waya muka gan shi. Babu waƙa ko baiti ɗaya. Ga hannun da ya shanye an cika allo da shi, ga ƙuda a gefen bakinsa, ga inda na goge masa yawu, an maimaita a hankali da wani kiɗan makoki na Turawa. Wata murya na cewa duniya ta manta da shi. Na ji kunya, na kuma raina su raini mai tsanani. An ce an tafa musu a birni.

Fim ɗin ya zaga wayoyin garin har ƙauyuka. Mutane suka yi ta zuwa dubiya da fura da 'yan tsaba, suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan rasuwa.

Da aka gama girbi, aka sa ranar kokawa a Gidan Katta. Kawu ya sa aka yi masa aski, ya zauna a zaure tun azahar yana sauraren ƙarar babur. La'asar ta wuce ba babur, na bi sawu. Na tarar an ɗauko wani mawaƙi daga wani gari, fili ya ɗauki zafi. Na ja mai shirya wasan gefe, tsohon aminin Kawu ne, na tambaye shi dalili.

Ya riƙe hannuna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Haba ɗana, mun gane shi ga waya. Wa ka da rashin imanin tasso mutum cikin wanga hali?"